Me ya sa kwamfuta ke yawan fitar da kai a MLB The Show?

Idan kana buga MLB The Show, wasan besbol da kamfanin Sony ke fitarwa tun 2006, wataƙila ka sha zargin kwamfuta da maguɗi. Ni ma na yi wata guda ina zaginta kafin na gane laifin yatsana ne.

Ka tuna dokar: kuskure uku an fitar da kai, amma idan mai jifa ya ɓarar da ƙwallo huɗu a wajen akwatin duka ba ka kai musu sanda ba, ka wuce tushe na farko kyauta. Da wannan lissafin kwamfuta take aiki. Idan kana da kuskure biyu, me zai sa ta ba ka ƙwallo mai daɗi? Sai ta sako mai lanƙwasa, ta taho kamar tsakiya, ta ƙare a ƙasa. Ka kai duka, shi ke nan. Amma idan ta ɓarar da uku, dole ta shigo akwati, galibi da miƙaƙƙiya mai gudu. Wannan ce taka.

Ga kuma gajiya. Kowace jifa tana rage ƙarfin mai jifan, saitinsa ya fara kaucewa. Mai dukan ƙwallon farko kullum hutu yake ba shi.

Gwada wannan: a zagaye uku na farko, kada ka taɓa maɓalli sai an ƙirga maka kuskure ɗaya. Idan har yanzu abin ya gagara, shiga saituna ka ƙara Strike Frequency na kwamfuta, ko ka sauko daga All-Star zuwa Veteran.