Ko Kun Sani? Tumbi Yakan Buɗa Kafin Loma Ta Iso

Da zarar mutum ya haɗiye lomar tuwo, tun tana maƙoshi, saman tumbinsa ya riga ya saki jiki. Saƙon yana biyowa ne ta jijiyar begus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro har ciki. Shi ya sa tumbi ke ɗaukar abinci fiye da lita 1 ba tare da matsin cikinsa ya ƙaru sosai ba.

Jijiyoyin da ke bangon tumbin su ke ƙarasa aikin. Suna fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sassauta tsokar nan take, sannan su saki wani ɗan ƙaramin furotin mai suna VIP, wanda ke sa sakin ya daɗe. Masana biyu, Sami Said haifaffen Masar da Viktor Mutt, su suka fara tace VIP daga hanjin alade a Stockholm a 1970.

Ciwon suga da ya daɗe kan lalata waɗannan jijiyoyi. Sai ka ga mai ciwon ya ƙoshi da loma kaɗan, ga kumburin ciki da tashin zuciya.