Bayan Kwana Huɗu, Kai Ba Matafiyi Ba Ne

 

'Yan'uwa, da wuya wata ya wuce ba mu ga sabuwar fuska a sahu ba. Wani daga Maraɗi ya sauko, wani daga Tawa ko Damagaram, wani daga Kano ko Sakkwato ta hanyar Kwatano. Ana sallamewa sai ka ga ya matso kusa da liman, ya yi ƙasa da murya, kuma tambayar kusan ɗaya ce kullum: "Malam, ni baƙo ne, in ci gaba da yin ƙasaru?" Liman kuwa da tambaya yake amsa masa: kwana nawa ka yi niyyar yi a Lome?

Hukuncin a mazhabar Malikiyya a fili yake, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ya wuce ta kansa. Matafiyi yana mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu idan tafiyarsa ta kai mil arba'in da takwas, wato wajen kilomita tamanin. Amma da zarar ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, gwargwadon abin da zai sallaci salla ashirin, to hukuncin tafiya ya yanke. Zai cika salla, zai yi azumi idan Ramadan ne, Juma'a kuma ta hau kansa, ko da yake ba a lissafa shi cikin mutum goma sha biyun da Juma'a ke ƙulluwa da su sai ya zama mazaunin dindindin. Wanda hukuncinsa ya bambanta shi ne irin direban babbar mota da ke jiran a sallami kayansa a tashar jirgin ruwa, kullum ana ce masa gobe. Shi bai ƙulla niyyar zama ba, don haka yana ƙasaru ko da jiran ya yi tsawo, sai dai idan ya bi liman mazauni, sai ya cika tare da shi.

Abin da ya sa na fara da wannan mas'ala shi ne, shari'a kwana huɗu kacal ta ba mutum kafin ta ɗauke shi a matsayin mai zama. Mu kuwa akwai waɗanda suka shekara goma a garin nan amma zuciyarsu ba ta kwance kaya ba. Bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai iya gaisuwa ɗaya da harshen gari ba, ba shi da takarda, kome ka ce masa sai ya ce ai ya kusa komawa gida. Yawancin wahalar da baƙo ke sha a nan daga wannan take tasowa.

Sunan wurinmu ma yana ruɗin mutum. Zango a asali masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya su kwana su wuce. Amma ku duba abin da magabata suka yi da shi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya bi hanyar fataucin goro har Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take cikin Togo ta Jamus, ya zauna ya karantar, ya yi limanci, har Allah Ya yi masa rasuwa a can a 1934. A nan Lome ma, dattawanmu suna tuna shekarar 1977 da hukuma ta tashi tsohon Zango na tsakiyar gari, aka mai da mutane arewa, wajen Agoe da Togblekope. Wasu suka tafi can suka sake gini, wasu suka bazu cikin unguwanni suna haya don kada su yi nisa da kasuwa. Mutanen da ka tarar a masallacin nan sun san baƙunci, wasu ma sau biyu suka ɗanɗana shi a gari ɗaya. Kada ka ji kunyar tambayarsu.

To, abu na farko da za ka gyara shi ne agogo. Togo tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, wato idan ƙarfe bakwai ne a Kano, a nan shida ne. Ga shi kuma muna kusa da tsakiyar duniya, dare da rana ba su cika bambanta a tsawo ba duk shekara. Magariba a nan tana kewaya ƙarfe shida ne, wani lokaci ta ɗan wuce, wajen watan Nuwamba kuma takan faɗo kusan biyar da rabi. Wanda ya bar wayarsa a kan jadawalin garinsu zai yi ta rasa jam'i yana mamaki. Alƙibla kuwa ba gabas sak ba ce, sai ka ɗan karkata zuwa arewa. Alama mai sauƙi ga mai zama a Amutive: teku tana kudu, don haka idan ka fuskanci alƙibla daidai za ta kasance a hannunka na dama, ta ɗan koma baya. Mafi sauƙi daga haka, ka lura da mihirabin masallacin da ke kusa da ɗakinka.

Sai maganar wata, wadda kowace shekara take raba gida ɗaya biyu. Saƙo zai shigo ta WhatsApp cewa an ga wata a Sakkwato ko a Yamai, sai baƙo ya ɗauki azumi ko ya sha ruwa shi kaɗai, alhali gari bai ɗauka ba. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan ko ganin wata ƙasa yana lizimtar wata. Amma Idi ibada ce ta jama'a, kuma a nan akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar Musulmin Togo, UMT, da ke fitar da sanarwa, da ita ake tsayar da ranar da za a fita filin Idi. Ni abin da nake gani, mutumin da ya cika salla a Lome ya yi sallar Idi tare da mutanen Lome.

Juma'a a nan ranar aiki ce cur, Lahadi ce ranar hutu. Sauƙin da Allah Ya kawo shi ne ofisoshi da makarantu da yawa suna tashi da tsakar rana su dawo bayan ƙarfe biyu. Idan za ka kama aiki a wurin wanda ba Musulmi ba, ka faɗa masa maganar Juma'a tun ranar farko, kafin a yi ciniki. Wanda ya yi shiru sannan ya riƙa sulalewa duk mako, shi ne ake ce wa maras amana, kuma ba shi kaɗai za a ce wa ba, da mu duka za a haɗa.

Gida kuwa, galibin baƙi a gidan haya na tsakar gida ɗaya suke farawa, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, ƙabilu huɗu ko biyar. Kada ka ba dillali ko mai gida kuɗi ba tare da rasit ba, kuma ka tafi da wani ɗan unguwa da ya iya karatun Faransanci. Ka tambaya tun farko yadda ake raba kuɗin wuta da na kwashe shara, don rigimar gidan haya da yawa a nan take tashi. Game da ruwa akwai abin lura. Wannan ɓangaren gari rairayi ne tsakanin teku da tafki, ruwa yana kusa da sama, shi ya sa wata rijiyar za ka ji ta da ɗan gishiri. Wannan ba ya hana alwala. Ruwan da ya canza saboda ƙasar da yake zaune a cikinta, ko gishirinta, mai tsarki ne mai tsarkakewa. Amma idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza saboda masai da ke kusa, musamman lokacin da ruwan sama ya cika unguwa a watan Yuni, to ya zama najasa, ba alwala ba wanka. Sha kuwa wata magana ce daban. Ruwa yana iya halatta ga alwala amma ya kwantar da yaro, don haka a nemi na famfo ko a tafasa.

Abinci ba shi da wahala kamar yadda ake tsoro. Akume tuwon masara ne, ademe miyar lalo ce, wace kuwa ai shinkafa da wake ce tamu, sunan ne kawai ya lanƙwashe a bakin mutanen gaɓa. Kifi da kaguwa da jatan lande duk halal ne a wurin Malikiyya, abin cikin teku ba ya bukatar yanka. Inda ake taka-tsantsan shi ne nama. A garin nan ana sayar da naman alade a fili, akwai kuma dabbar da ake yankawa don tsafi, wadda ba ta halatta ko kaɗan. Ka sayi nama a wurin mahautan da aka sani, kuma a wurin mai tuwo ka tambayi abin da ke cikin miya ba tare da yatsine fuska ba. Idan maƙwabci ya miƙo maka ƙaramin kofi da abu fari kamar ruwa, wataƙila sodabi ne, giyar da ake tacewa daga bammi. Karramawa yake nufi. Ka yi godiya, ka ce addininka ya hana, ka nemi ruwa.

Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Bai karɓa ba, ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mu ma a Zango tsarin da muka gada ke nan: baƙo ya sauka a wurin mai gida, mai gida ya ba shi masauki, ya tsaya masa, ya haɗa shi da masu saye. Amma masauki ba wurin miƙe ƙafa ba ne. Ka fita ka san Asigame, babbar kasuwa, ka san Hedzranawoe inda ake gwanjo, ka san Gbosime ta tumaki da awaki. Ɗan Nijar ya huta da canji, sefarsa ɗaya da ta nan. Ɗan Najeriya kuwa sai ya yi hattara, don idan mutumin Maraɗi ya ce masa dala ashirin, sefa ɗari yake nufi, dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma dubu. Kuma ka daina juya kowane farashi zuwa naira a ranka, in ba haka ba ko ƙosai ba za ka iya saya ba. Ɗan acaɓa a nan zemijan ake ce masa, za ka ji yana kiran "oleyiya", wato za ka tafi? A yi ciniki kafin a hau.

Harshe shi ne inda muke da rauni, kuma laifinmu ne. Saboda Hausa tana ci a Zango, har Zabarmawa da Kotokoli da Fulani suna yin ta da mu, sai mutum ya ga kamar ba ya bukatar wani abu. Amma ofis da asibiti da makaranta da Faransanci suke aiki, kasuwa da titi kuma da Mina da Ewe. Fara da kaɗan. Idan aka ce maka "woezo", barka da zuwa ake yi maka, sai ka ce "yoo". "Akpe" shi ne na gode. Tsohuwar da ke sayar maka da barkono, ranar da ta ji ka ce akpe, daga ranar ka tashi daga "Awusa" kawai, ka zama mutumin da ta sani.

Wannan ya kawo mu ga maƙwabta. Musulmi ba su ne masu rinjaye a garin nan ba, kuma ga wanda ya taso a Katsina wannan sabon abu ne. Zai ji ganga da waƙar coci ranar Lahadi, zai tarar an kafa rumfa an toshe layi tun daren Juma'a saboda makoki, da kiɗa har dare ya raba. Mu tuna hijirar farko a Musulunci zuwa Habasha aka yi ta, ƙasar sarki Kirista, kuma Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da mutanensa sun shekara fiye da goma a can, suna riƙe da addininsu, ba a ji sun ci zarafin masu masaukinsu ba. Haƙƙin maƙwabtaka bai keɓanta ga Musulmi ba. Ka gaishe shi, ka duba shi in ba shi da lafiya, ka yi masa jaje in an yi masa mutuwa, ka aika masa naman layya. Abin da ba za ka shiga ba shi ne ibadarsa. Mu kuma mu tuna lasifikarmu ta asuba tana shiga ɗakinsa kullum.

Takardu kada a yi wasa da su. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana casa'in, ba ta ce ka zauna shekaru ba takardar zama ba. 'Yan Nijar kuma, tun da ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya kamata su riƙa bin ofishin jakadancinsu don sanin halin da ake ciki, su kuma yi katin rajista a can. Mafi muhimmanci shi ne na yara. Muna yanka rago ranar bakwai, mu raɗa suna, mu manta da hukuma. A Togo kwana 45 aka bayar a kai rahoton haihuwa, in ya wuce sai an bi ta kotu. Yaron da ba shi da takardar haihuwa zai yi karatu lafiya har ranar da za a rubuta sunayen masu jarrabawar ƙarshen firamare, a nan uban zai fara yawo.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a zaure ba, wato kewa. Sahabbai da kansu sun yi ta. Da suka isa Madina zazzaɓi ya kama Abubakar da Bilal, Bilal yana kwance yana ambaton kwarurukan Makka da ruwayenta, har Manzon Allah (SAW) ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina, Ya kawar musu da zazzaɓinta. Don haka idan ka kwanta da dare, gumi ya jiƙe maka riga, rigar da ka shanya tun safe ba ta bushe ba, ka tuna hunturun garinku da furar gidanku ka ji ƙwalla, imaninka bai ragu ba. Ka kira gida, amma ka tuna su sun riga ka da awa ɗaya, kada ka tashe su. Ka fito majalisi bayan la'asar ko da ba ka san kowa ba. Zazzaɓin kuwa, da yake muna bakin tafki kuma damina biyu ake yi a shekara, sauro ba ya hutu a nan. Ka sayi gidan sauro tun makon farko, in jiki ya yi zafi kuma ka je a gwada jini, kada ka tsaya kana cewa canjin ruwa ne.