WA ZA A DANƘA WA TUKUNYAR MA'AIKATA?

Maƙalarmu ta wannan mako ta samo asali ne daga wata tambaya da aka kawo mana a zaure, a nan Kangire ta ƙasar Birnin Kudu.

Wasu ma'aikata ne su ashirin da 'yan kai, na wani ofis da ba sai mun faɗi sunansa ba, suka yi shawarar su daina watsewa neman abincin rana, su ɗauki mai abinci guda ta riƙa kawo musu kullum, su biya ta ƙarshen wata. Suka naɗa mutum uku su zaɓo musu. Mata uku suka nemi aikin. Ta fari ta fi kowa araha, ta biyu ƙanwar matar shugaban ofis ce, ta uku kuwa wata dattijuwa ce mai tuwo a bakin kasuwa, wadda kwanonta ya ɗan fi tsada. Ra'ayi ya rabu, har zaman tare ya fara tsami. Shi ne suka zo suka ce mu faɗa musu abin da shari'a ta ce.

Mun ga ya kyautu mu faɗaɗa amsar, domin ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ta shafa ba. Ta shafi attajirin da ke ciyar da yaran shagonsa, da dillalin hatsi da ke ciyar da 'yan dako ran kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, da duk wanda aka ɗora wa ciyar da makaranta ko asibiti.

Abu na farko da za a sani shi ne, wanda aka ce ya zaɓo mai abinci wakili ne, wakilci kuwa amana ce. Idan mutum ya sayi abin da zai ci shi kaɗai, cikinsa ne. Amma idan ya zaɓa wa mutum ashirin, to lafiyar mutum ashirin ce a wuyansa, da ta iyalan da ke jiran albashinsu. A Suratul Kahfi, aya ta 19, Allah Ya ba mu labarin samarin nan na kogo: da suka farka da yunwa, suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa, sharaɗin da suka gindaya masa kuwa shi ne ya duba abincin da ya fi tsarki. Ba araha suka ambata ba. Haka kuma a Suratul Ƙasas, aya ta 26, siffofi biyu aka yabi Annabi Musa da su yayin da za a ɗauke shi aiki, watau ƙarfi da amana. Ƙarfin mai abinci shi ne iya sana'a da kawowa kan lokaci. Amanarta kuwa ita ce abin da take yi a madafa sa'ad da ba mai ganinta sai Allah.

Kada wani ya ce mun girmama ƙaramin abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci ke kwantarwa kowace shekara, 420,000 daga cikinsu kuma su riga mu gidan gaskiya. A nan gida, a 2021 an ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa da Bauchi da Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Wannan cuta ta ruwa da abinci take shiga. A 2008 ɗalibai fiye da 100 na makarantar 'yammata ta gwamnati da ke Doma, a Gombe, aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Abin da baƙo ya ƙi saya, shi muke zubawa a tukunya ba tare da tambaya ba.

Magabatanmu ba su yi sakaci da wannan babi ba. Malam Shaizari, wanda ya rayu a ƙasar Sham a ƙarni na 12, zamanin Sarki Salahuddini, ya wallafa littafin Nihayatur Rutba a kan aikin hisba. A ciki ya wajabta wa mai kwaɓa gurasa ya rufe bakinsa saboda atishawa, ya ɗaura ƙyalle a goshi saboda gumi, a kuma sami mai korar masa ƙuda. Ya umurci masu dafuwa su rufe tukwanensu, su wanke su da ruwan zafi, kada kuma su cakuɗa naman akuya da na tumaki don ruɗar mai saye. Wannan fa shekaru ɗaruruwa ne kafin a san ƙwayoyin cuta. Dattawanmu ma suna tuna zamanin En'e, lokacin da jin zuwan dubagari kaɗai kan sa a wanke randa a share tsakar gida.

Saboda haka muka ce wa wakilan nan kada su yanke hukunci da ɗanɗanon kwanon da aka kawo musu ofis, domin kowa ya iya gyara kwanon gwaji. Su je gidan kowace ba tare da sanarwa ba. Ya inganta cewa Manzon Allah ya taɓa wucewa ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, ya kuwa tsawata masa a kan ɓoye aibi. Ashe duba ƙasan tsibi sunna ce, ba mugun zato ba ne.

Idan an je, abu huɗu za a duba. Na ɗaya ruwa: daga ina ake ɗibarsa, a me ake ajiye shi, kuma yaya nisan madafa da salga? Na biyu nama: wane mahauci ne ke kawo shi, an san shi a mahauta, ko kuwa naman dare ne mai araha wanda ba a san yankansa ba? Dabbar da ta mutu kafin wuƙa ta kai mushe ce, ko da an sayar da ita rabin kuɗi. Na uku hatsi da wake: a tambayi wurin saye, a sansana, a ga ko ana wankewa sosai. Na huɗu kwantai: me ake yi da abin da ya rage? Masana lafiya sun yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye yana hucewa, balle a bazararmu da zafi kan haura digiri 40. Shinkafar da ta kwana a haka tana iya haifar da dafin da ɗumame ba ya kashewa. Kana a nemi mai dafuwa da masu taya ta su je asibiti a auna su, domin mutum na iya ɗauke da ƙwayar taifot yana yawonsa lafiya lau, yana raba wa mutane.

Sa'an nan sai maganar yarjejeniya. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ƙulla ciniki da mai sana'ar da ba ya yanke aikinsa, kamar mai gurasa da mahauci, a riƙa karɓar abu sananne kullum, a biya daga baya. Suna kiransa cinikin mutanen Madina, domin mutanen Madina sun kasance suna karɓar nama kullum wurin mahauta, su biya idan rabonsu na baitulmali ya fito. Kun ga ke nan biyan ƙarshen wata yana da asali. Amma da sharaɗi: a san yawan abin, a san kuɗinsa, a san ranar biya, a kuma fara karɓa ba da jinkiri mai tsawo ba. Don haka a rubuta kwano nawa, wane irin abinci a wace rana, nama yanka nawa, ƙarfe nawa za a kawo, da yadda za a yi idan farashin hatsi ya tashi. A sa shaidu. Abin da aka bari a dunƙule, shi ke zama rigima gobe.

Game da 'yar'uwar shugaba, mun ce musu zumunta ba ta haramta mata aikin ba, ba ta kuma ba ta shi ba. Abin da fiƙihu ya hana wakili shi ne son kai, watau ya fifita nasa da kuɗin waɗanda suka wakilta shi. A auna ta da mudun da aka auna sauran, shugaba kuma ya janye bakinsa. Mafi muni daga wannan shi ne a ce wa mai abinci ta ware kashi goma na wakilai, ko ta riƙa aika wa akawu kwano na musamman. Labarin Ibnul Lutbiyya sananne ne a Buhari da Muslim: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyautarsa ce, Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tir da haka. Ku sani kuwa, mai abinci ba daga aljihunta za ta fitar da wannan kason ba. Daga miya za ta cire shi.

Ita ma tana da haƙƙi a kanku. Mai tuwo ba ta da jari mai yawa. Bashi take ci wurin mai hatsi da mahauci bisa alkawarinku. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne a shari'a. Ma'aikacin da ya karɓi albashi ya sayi sabuwar riga, ya ce mai abinci ta jira wata mai zuwa, shi ne ya tura ta ga ruɓaɓɓen tumatir, kuma shi zai fara cinsa.

Wakilan sun je sun gani. Mai araha a bakin kwata take dafuwa. Ƙanwar matar shugaba tana da tsabta, amma ba ta taɓa dafa wa mutum goma ba, ita da kanta ta ce ba za ta iya ba. Dattijuwar nan kuwa suka tarar da randarta a rufe, mahaucinta sananne, ba ta kuma kwana da abinci. Ita suka ɗauka, kowa ya ƙara 'yan nairori, aka rubuta takarda.

Ya ku 'yan'uwa, arha ba ta ado, balle a abin da zai shiga ciki. Wanda aka ba zaɓen mai dafa wa jama'a, ya tuna za a tambaye shi. Allah Ya ciyar da mu halal mai tsarki, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.