Komawar Ƙiba Bayan Tiyatar Kewaye Tumbi: Dalilanta da Hanyoyin Kauce Mata



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne halin da mutum kan shiga bayan an yi masa tiyatar rage ƙiba, musamman irin wadda ake yi wa tumbi kewaye. Likitocin Turai suna kiran wannan aiki da kalmar nan da muka ara muke kiran titin da ya zagaye gari da ita, watau baifas. Kamancen kuwa ya yi daidai, domin kamar yadda manyan motoci kan bi ta bayan gari ba su ratsa kasuwa ba, haka abinci kan bi wata sabuwar hanya ba ya ratsa yawancin tumbi. Saboda haka a cikin wannan lacca zan riƙa kiran aikin da tiyatar kewaye tumbi.

Mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Amma wanda nauyi ya jawo wa ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da ɗaukewar numfashi cikin barci, ya san ba hutu yake yi ba. Daga cikin mutanenmu akwai masu fita ƙasashen waje a yi musu wannan aiki da kuɗi masu yawa, su dawo gida a rame ana yi musu barka. Bayan 'yan shekaru sai a ga wani ya fara cikowa, kayan da ya ajiye sun sake yi masa daidai, ciwon da ya lafa ya farfaɗo. Tambayarmu ita ce: me ya kawo haka, kuma yaya za a yi a kauce masa?

Yadda Aikin Yake

Likitan da ya fara yin wannan tiyata don maganin ƙiba shi ne Edward Mason na Jami'ar Ayowa ta Amurka, a shekarar 1966. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame, kuma ba su cika mayar da jikinsu ba. A shekarar 1993 wani likita mai suna Alan Wittgrove ya yi aikin ta 'yan ƙananan huji da na'urar leƙa ciki, ba tare da an tsaga cikin baki ɗaya ba. Daga baya wannan ta zama hanyar da aka fi bi.

Ga yadda ake yi. Tumbin babban mutum yakan ɗauki abinci fiye da lita 1. Likita yakan raba shi gida biyu, ya bar wata 'yar jaka daga sama wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, mai ɗaukar kimanin mililita 30. Sa'an nan ya yanke ƙaramin hanji, ya jawo ɓarinsa na ƙasa ya ɗinke shi da wannan 'yar jaka. Ragowar tumbin yana nan ba a cire shi ba, yana ci gaba da fitar da ruwansa, wanda kan haɗu da abinci can gaba a cikin hanji.

Da farko an zaci ƙanƙantar jakar ce kaɗai ke sa rama. Daga baya aka gane akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Hanji da tumbi suna fitar da waɗansu sinadarai da ke bin jini su kai wa ƙwaƙwalwa labarin yunwa ko ƙoshi. Idan abinci ya faɗa tsakiyar hanji da sauri, sai sinadaran ƙoshi su yi yawa, mutum ya ji ya ƙoshi da loma kaɗan, har sha'awar zaƙi da maiƙo ta ragu. Wannan ne ma ya sa ciwon sukari kan lafa wa mutane da yawa cikin 'yan kwanaki bayan aikin, tun kafin su rame.

Abin da Bincike Ya Nuna

A ƙasar Siwidin an fara wani babban bincike a shekarar 1987, aka bi dubban masu ƙiba shekara da shekaru. Rahoton da aka fitar a shekarar 2007 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyatar kewaye tumbi sun rage kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a tsakanin shekara 1 zuwa 2. Bayan shekara 10 ragin ya tsaya a kashi 25 cikin 100. Wani binciken da aka yi a jihar Yuta ta Amurka, aka buga a shekarar 2017, ya sami kusan haka: ragin kashi 35 cikin 100 a shekara ta 2, da kimanin kashi 27 a shekara ta 12.

Bari mu yi misali don a fi fahimta. A ce mutum yana da nauyin kilo 120 ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata. Bisa lissafin Siwidin, zai sauko zuwa wajen kilo 82 a cikin shekara 2, sa'an nan ya ɗan hau zuwa wajen kilo 90 bayan shekara 10. Wannan kilo 8 da ya dawo ba abin tayar da hankali ba ne, domin har yanzu akwai kilo 30 tsakaninsa da inda ya fito. Darasi na farko ke nan: ɗan ƙari bayan an kai ƙarshen rama abu ne da aka saba gani, kuma yawancin mutane suna riƙe mafi yawan abin da suka rage.

Amma waɗannan alƙaluma matsakaici ne. A cikinsu akwai wanda bai mayar da kome ba, akwai kuma wanda ya mayar da rabi ko fiye. Wani bincike na asibitocin Amurka da aka buga a shekarar 2018 ya nuna cewa nauyi ya fi saurin dawowa a shekarar farko da ta biyo bayan ƙarshen rama. Watau lokacin haɗari shi ne daidai lokacin da mutum yake ganin ya gama, ya daina zuwa asibiti, mutane ma sun daina tambayarsa jiki.

Dalilan Komawar Ƙiba

Dalili na farko daga jiki yake. Jikin ɗan Adam ba ya bambanta rama ta magani da rama ta fari. Duk lokacin da kitse ya ragu, jiki yakan rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa, ya kuma ƙara kiran yunwa. Haka kuma wanda ya rame da sauri yakan yi asarar tsoka tare da kitse, ita kuwa tsoka ta fi kitse cin ƙarfi ko da mutum yana kwance. Saboda haka abincin da ba zai sa wani mai kilo 82 ƙiba ba, yana iya sa wanda ya sauko kilo 82 daga 120.

Dalili na biyu daga wurin aikin yake. Da tafiya ta yi nisa 'yar jakar kan ɗan buɗe, mahaɗarta da hanji ma kan yi faɗi, sai abinci ya riƙa wucewa da wuri, ƙoshi ba ya daɗewa. Wani lokaci kuma, ko da yake bai cika faruwa ba, wata ƙofa kan ɓulle tsakanin jakar da tsohon tumbin, abinci ya koma tsohuwar hanyarsa.

Dalili na uku shi ne halin cin abinci, kuma shi ya fi shiga hannun mai jinya. Tiyata ta hana mutum cinye malmala uku a zama ɗaya. Ba ta hana shi cin gyaɗa da hantsi, da biskit a ofis, da cincin wajen suna, da dabino a mota ba. Kowanne ɗan kaɗan ne, jakar ba za ta ƙi shi ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Abin sha ya fi wannan ɓarna, domin ruwa ba ya tsayawa a jakar sam. Kwalbar lemo guda ta sentilita 35 tana ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 9. Shayi mai kauri, da zoɓo, da kunun zaƙi, da fura mai sukari, duk hanyarsu ɗaya. Giya ma haka take ga masu shanta, ga shi kuma takan shiga jinin wanda aka yi wa aikin da sauri fiye da da.

Akwai wani tarko a cikin sha'anin zaƙi da ya kamata a sani. Idan sukari ya faɗa hanji kai tsaye, waɗansu sukan ji jiri da gumi da bugun zuciya. Bayan awa 1 zuwa 3 kuma sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, mutum ya ji rawar jiki da yunwa mai tsanani, ya sake neman zaƙi don ya farfaɗo. Haka zai yini yana hawa yana sauka, yana ci ba da son ransa ba.

Dalili na huɗu shi ne abubuwan da ke gefe: baƙin ciki da damuwa, ƙarancin barci, da waɗansu magunguna masu sa ƙiba, irin su insulin da waɗansu magungunan taɓin hankali da na kumburi. Wanda ya saba huce takaicinsa a kan kwano, tiyata ba ta taɓa takaicin ba.

Hanyoyin Kaucewa

Shekara 1 zuwa 2 na farko, lokacin da yunwa ta yi sanyi, dama ce da ba a cika samun irinta sau biyu ba. A cikinta ya kamata a kafa halayen da za su riƙe mutum ranar da yunwa ta dawo. Ga muhimmansu.

Na farko, a tsayar da lokacin cin abinci: sau uku a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu da aka shirya tun da safe. Abin da bai shiga wannan tsari ba a bar shi.

Na biyu, a fara da abinci mai gina jiki. Likitoci suna son a sami aƙalla giram 60 na furotin kowace rana. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Kifi, da kaza, da nama maras kitse, da wake, da nono maras sukari su ne kan gaba, ganye ya biyo baya, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe in da sauran wuri. Wannan ya saɓa wa al'adarmu ta cika kwano da tuwo a ɗora yankan nama ɗaya a kai, amma jakar mililita 30 ba ta da wurin da za a ɓata.

Na uku, a tauna sosai, a ci a hankali, kada a haɗa ci da sha. A jira kamar minti 30 bayan cin abinci kafin a sha ruwa, domin ruwa yakan wanke abincin daga jakar, yunwa ta dawo da wuri. Tsakanin abinci da abinci kuwa a yi ta kurɓar ruwa, musamman a lokacin zafi.

Na huɗu, a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya mai sauri ta minti 30 a kwanaki 5, in an iya a ƙara. A haɗa da ɗaga abu mai ɗan nauyi sau biyu a mako don a tsare tsoka. Ma'aikacin da ke yini a kujera shi ya fi kowa bukatar wannan.

Na biyar, a hau ma'auni sau ɗaya a mako, a rubuta. Kilo 3 ya fi kilo 20 sauƙin korewa, kuma riga mai yalwa irin tamu takan ɓoye wa mutum gaskiya ta daɗe.

Na shida, kada a yanke zumunci da asibiti. Tun da an kewaye farkon hanji, inda jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, dole ne a sha ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rai, musamman B12 da D da ƙarfe da kalsiyam, a kuma gwada jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda jininsa ya yi ƙasa zai sha wahalar motsa jiki. Wanda aka yi wa aikin a wata ƙasa ya karɓo takardunsa duka, ya sami likita a gida wanda zai riƙa dubansa. Mai niyyar azumi kuma ya shawarci likitansa tukuna, musamman a shekarar farko, sa'an nan ya kula da abin da yake buɗa baki da shi.

Idan Nauyi Ya Fara Dawowa

Babban kuskure a nan shi ne kunya. Mutum yakan ga ya kashe dukiya, an yi masa barka, yanzu da wane ido zai dubi likita? Sai ya yi shiru har abu ya yi nisa. Alhali kuwa akwai abin yi. Likita zai duba abincinsa da magungunansa da barcinsa, ya zura na'ura ta baki ya ga halin da jakar take ciki. Idan mahaɗar ta yi faɗi, ana iya tsuke ta da ɗinki ta cikin baki ba tare da an sake yanka ba. Akwai kuma allurai masu kwaikwayon sinadarin ƙoshi na hanji. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da liragulutayid don rage ƙiba a shekarar 2014, da semagulutayid a 2021, da tirzefatayid a 2023. Suna da tsada, ba a shan su sai da umarnin likita, kuma nauyi kan dawo in an daina. Sake yin tiyata shi ne mataki na ƙarshe, domin haɗarinsa ya fi na farko.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, abin da na yi ƙoƙarin nunawa shi ne ƙiba mai tsanani ciwo ne mai daɗewa, kamar hawan jini. Tiyatar kewaye tumbi tana daga cikin magungunanta mafiya ƙarfi, amma aikin likita yakan ƙare cikin 'yan awoyi, na mai jinya kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Iyali ma suna da nasu rabon. Matar gida ko uwa da ke ganin ɗan abin da ya ci bai isa ba, da abokin da ke cewa ai kwalba ɗaya ba za ta yi kome ba, su sani cewa ƙaramin kwanon nan shi ne maganinsa. Duk wanda ke da ɗan'uwa da aka yi wa wannan aiki, ya ci gaba da tambayarsa jiki a shekara ta uku da ta huɗu, kamar yadda ya tambaye shi a makon farko.