Maurice Noble: Tunawa da gwanin da ya shimfiɗa wa katun fage

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Duk wanda ya taɓa zama gaban talbijin ya yi dariyar zomon nan Bugs Bunny, ko dilan da ke bin tsuntsu a guje cikin hamada, da wuya a ce ya san sunan Maurice Noble, Ba'amurken da ya rasu ranar 18 ga Mayu, 2001. Alhali kuwa duwatsun da dilan ke faɗowa daga kansu da hanyoyin da ke karkacewa su ɓace, da yawansu daga alƙalaminsa suka fito.

Sana'ar Noble ita ce tsara fage. A zamanin zanen hannu, kowace daƙiƙa ta fim tana cin hoto 24, amma kafin masu motsa zane su ɗauki fensir, sai mai tsara fage ya yanke inda kyamara za ta tsaya, ta ina ɗan wasa zai shigo, ina haske zai faɗo, da kuma inda ake son idon mai kallo ya sauka. Matsayinsa tamkar na nahawu ne a cikin jimla. Idan ginin ya yi daidai babu mai lura da shi, idan kuwa ya karkace, ma'ana ta watse.

Bayan karatu a makarantar zane ta Chouinard da ke Los Angeles, Noble ya shiga kamfanin Disney, inda ya yi aiki a Snow White (1937) da Fantasia (1940). A 1941 ma'aikatan kamfanin suka tafi yajin aiki kan albashi da 'yancin kafa ƙungiya, ya bi sahunsu, abin da ya zama sanadin rabuwarsa da Disney. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a sashen finafinan sojan Amurka, a nan ne ya haɗu da darakta Chuck Jones, wanda daga baya suka yi aiki tare a kamfanin Warner.

Haɗuwar nan ce ta haifar da Duck Amuck da Duck Dodgers a 1953, sai kuma What's Opera, Doc? a 1957, fim ɗin da bai cika minti 7 ba, amma a 1992 aka shigar da shi cikin kundin adana finafinan Amurka. Hikimar Noble ita ce ƙin kwaikwayon zahiri yadda yake. Yakan rage layuka, ya miƙar da inuwa, ya zaɓi launuka kaɗan, domin fage ya yi wa barkwanci hidima, kada ya danne shi. A 1965 shi da Jones suka shirya The Dot and the Line, wanda ya ci kyautar Oscar.

Abin da ya fi cancantar a tuna shi da shi, a ganina, shi ne yadda ya ƙarar da tsufansa wajen horar da matasa, har aka riƙa kiransu 'ya'yan Noble. Ɗaya daga cikinsu, Tod Polson, ya tattara darussansa a littafi a 2013. Da bai yi haka ba, da ilimin ya bi shi kabari, musamman ganin cewa Disney ba ta sake fitar da cikakken fim ɗin zanen hannu ba tun bayan Winnie the Pooh na 2011.

Kwamfuta ta sauya kayan aiki, amma har gobe sai wani ya yanke inda kyamara za ta tsaya. Saboda haka, mai karatu, idan fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, a daure a ɗan jinkirta a karanta su.