Fezzan: Ba a Jin Kukanta Sai Ta Rufe Famfo

A farkon watan Janairun 2024 mutanen yankin Ubari suka yi cincirindo a filin mai na Sharara, suka hana aiki. Wannan fili shi ne mafi girma a Libiya, yana iya fitar da ganga kusan 300,000 a rana. Sai da aka shafe kusan mako uku kafin kamfanin mai na ƙasa, NOC, ya sanar da komawa aiki. Abin da masu zanga-zangar ke nema shi ne fetur a gidajen mai, da gyaran hanya, da asibitin kirki, da matatar mai a kudu. A watan Disambar 2018 ma wata ƙungiya mai suna Fushin Fezzan ta rufe filin da irin waɗannan buƙatu, kuma bai buɗe ba sai a watan Maris na 2019. Mutanen kudu sun daɗe da gane cewa takardar koke ba ta kaiwa Tarabulus da sauri kamar labarin an rufe famfo.

Fezzan ita ce kudu maso yammacin Libiya, babban birninta Sabha. Faɗi gare ta sosai, amma mutanenta ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasar ba. Daga Sabha zuwa Tarabulus tafiyar fiye da kilomita 700 ce a mota, daga Sabha zuwa Ghat kuma fiye da 500. Garuruwan nan, Ubari da Murzuk da Brak da Katrun da Ghat, tamkar tsibirai suke, sai dai rairayi ne ya kewaye su maimakon ruwa. Kakanninmu fatake sun san su sarai, don ta Ghat da Murzuk ayarin Kano da Damagaram ke bi zuwa bakin teku, kuma har yau ba a rasa mai jin Hausa a kasuwanninsu. A wancan zamani suna tsakiyar hanya. Da ciniki ya koma kan jirgin ruwa sai suka zama ƙarshenta.

Dubi abin da ke fita daga yankin. Ɗanyen man Sharara yana bin bututu zuwa Zawiya a gaɓar teku. Ruwan da Tarabulus ke sha tun 1996 daga rijiyoyin Jabal Hasawna yake zuwa, ta babban aikin kogin wucin gadi da Gaddafi ya ƙaddamar a 1984. Abin da ke dawowa kuwa a bayan tanka yake tahowa, kan titin da ya farfashe, ta shingaye barkatai. A hukumance litar fetur dinari 0.15 ce, kusan kyauta. Amma a Sabha sau da yawa gidan mai a kulle yake, ko layi ya miƙe har ya sha kwana, ga 'yan bumburutu nan gefen titi da jarkoki suna sayarwa ninkin-ba-ninkin. Manomin da injin ban ruwansa ya tsaya don an ɗauke wuta, a wurinsu zai sayi man janareta, ko ya zuba ido gonarsa ta ƙone. Wani kason man kuma bai ma tsayawa, ya ƙetare iyaka zuwa Nijar da Chadi.

Ƙasashen da ke da tsibirai na gaske sun fahimci cewa raba kuɗin raya karkara bisa yawan kawuna zalunci ne ga na nesa. Buhun siminti yakan ƙara kuɗi da kowace kilomita, likita kuma ba ya son zuwa. Shi ya sa tun 2008 Sukotland ta fara daidaita kuɗin jirgin fito na wasu tsibiranta da abin da mota za ta ci a tafiya mai tsawon haka. A Ailan kuwa akwai ƙungiya ta musamman, Comhar na nOileán, wadda ofishinta ke kan tsibiri, ita ke raba tallafin raya karkara ga mazauna tsibiran. Ita kuwa Libiya ta kafa dokar ƙananan hukumomi mai lamba 59 a 2012, an zaɓi majalisun baladiyya, amma asusu ya ci gaba da zama a sama. Abin ya ƙara dagulewa tun farkon 2019, lokacin da dakarun Khalifa Haftar na gabashin ƙasar suka shiga Sabha: mai bindiga yana kallon gabas, babban banki yana Tarabulus, shugaban baladiyya kuma dole ya yi wa kowa fara'a.

Kuɗin waje sun shigo, ba a musu. Asusun daidaita Libiya da hukumar UNDP ta buɗe a 2016 ya gyara makarantu da asibitoci, ya kai motocin ɗaukar marasa lafiya da na kwasar shara Ubari da Sabha. Shirin Baladiyati ma ya yi irin wannan aiki, da kuɗin asusun da Tarayyar Turai ta kafa a taron Valletta na 2015. Sai dai wannan asusu don rage kwararar baƙin haure aka yi shi. Turai ta tuna da Fezzan ne saboda motocin da ke tasowa daga Agadez suna sauke mutane a Sabha. Tallafin da tsoro ya haifa yakan ja da baya in tsoron ya lafa, kuma fentin bango ba ya biyan albashin ma'aikaciyar jinya.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. A Libiya ta yau lambar ɗan ƙasa ita ce mabuɗin komai: fasfo, aikin gwamnati, rajistar zaɓe, tallafin iyali. Akwai dubban Abzinawa da Tubawa a kudu da ba su da ita. Iyayen wasunsu sun zo daga Mali da Nijar a shekarun 1970 da 1980, suka shiga sojan Gaddafi bisa alkawarin zama 'yan ƙasa, takardunsu suka maƙale a ofis har gwamnatin ta faɗi. Wasu Tubawan kuma rikicin zirin Awuzu ne ya rutsa da su, bayan kotun duniya ta ba Chadi yankin a 1994. Abin da aka ba da yawansu shi ne lambar wucin gadi, wadda ake kira lambar gudanarwa. Yaro an haife shi a unguwar Tayuri ta Sabha, a nan aka haifi uwarsa, bai san wata ƙasa ba, amma in ya gama karatu ba zai iya neman fasfo ko cikakken aikin gwamnati ba. Wa zai yi mamaki in ya koma tuƙin motar fasa-ƙwauri, ko ya ɗauki bindiga wa duk mai biya? A ƙarshen 2013 Abzinawan Ubari sun taɓa tare Sharara a kan wannan lamba.

Ƙasa da su kuma akwai waɗanda ba su cikin kowane lissafi: 'yan Nijar da Najeriya da Chadi da ke noman rani, da hawan dabino, da leburancin gini a gonaki da unguwannin Sabha. Ba su da lamba kowace iri, amma suna shan ruwan famfon garin, matansu na haihuwa a babban asibitin Sabha, wanda kusan duk kudu ke dogaro da shi. Duk wanda ya zauna a Tarabulus ya tsara gadajen asibitin nan da magungunansa bisa sunayen da ke cikin rajista, ya tsara wa garin da ya fi na gaske ƙanƙanta.