Sankarar Huhu da Fa'idar Zuwa Asibiti da Wuri

A ƙasar Tsanyawa, inda gona ke haɗe da gona, mata kuma ke girki da kara cikin hayaƙi, ba kasafai tari ke tayar da hankalin kowa ba. Akan ce sanyi ne ko ƙurar hunturu, in kuwa ya daɗe har aka ga jini cikin majina, mutum yana ta ramewa, sai a yanke hukuncin cewa tarin fuka ne. Alhali sankarar huhu, wadda shan taba ne babban sababinta, da waɗannan alamomi take sallama, kuma watannin da aka ɓata ana maganin wata cuta dabam su ne waɗanda tiyata za ta yi amfani a cikinsu.

Cikin hikimar Mahalicci, huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu. Saboda haka idan ƙarin sankarar bai ƙetare inda ya tsiro ba, likita yakan bi ta tsakanin haƙarƙari, ya ɗaure jijiyoyin jini, ya cire kashin da ya kamu tare da kaluluwar da ke kewaye, ya bar roba a ƙirji tana fitar da ruwa da iska, sauran huhun kuwa ya ci gaba da ɗaukar numfashi.

A 1933 Dakta Evarts Graham na birnin St. Louis a Amurka ya cire wa wani likita mai sankarar huhu huhunsa guda sukutum, mutumin ya ƙara shekara 30 a duniya. Shi kuwa Graham, cutar ce ta zama ajalinsa a 1957, domin sai da ta bazu aka gano ta. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa cikin mutum 10 da aka gano cutar tana huhu kaɗai, kimanin 6 kan kai shekara 5, amma in ta isa ƙashi ko hanta, da ƙyar 1 ke kaiwa.

Don haka wanda tarinsa ya wuce mako 2, wajibi ne a auna majinarsa. In ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, ko aka sha magani bai yi sauƙi ba, to a nemi hoton ƙirji da takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, domin malamai sun tabbatar cewa neman magani ba ya warware tawakkali.